Kundin aiki: sunan Ɗahiru a kan takardar sakamako

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Yau na kai wa Malam gwajin farko. Islamiyyar unguwarmu ce, inda ni ma na yi karatu, kuma tun muna yara da biro malamai suke cike sakamakon ɗalibai, su kwana uku suna tara maki. Na ɗauki alkawarin kafin ƙarshen zangon nan zan rubuta musu 'yar manhaja da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, wadda za ta ɗauko maki daga rajista ta fitar wa kowane yaro takardarsa a PDF, ta yi rasidin kuɗin makaranta, ta kuma yi shaidar sauka ga waɗanda za a yi wa walima a ƙarshen Yuli.

Guda goma na buga na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya bi ta farko, ya bi ta biyu, a ta uku ya tsaya ya ɗora yatsa. "Ɗana, wannan baƙin tabon fa?" Inda ya kamata a ga Ɗahiru, abin da ke wurin ■ahiru ne. Abdulƙadir ya koma Abdul■adir. A rasidi ma alamar naira tabo ce.

Na ce, "Allah gafarta Malam, injin ne bai san harafin ba. Ko mu sa D da K marasa ƙugiya?" Ya cire tabarau ya ce uban yaron nan rago ya yanka ya raɗa masa Ɗahiru, kuma makarantar da ke koya wa yara bambancin kasa da ƙasa, da baki da baƙi, ba za ta miƙa wa iyaye takarda da gutsurarren suna ba. Gaskiyarsa ce, ban ƙara cewa komai ba. Na tattara takardun na dawo gida.

Laraba, 5 ga Yuni

Na gano bakin zaren. PDF ba ya ajiye rubutu yadda saƙon waya yake ajiyewa. Umarni yake ajiyewa: ɗauko siffa mai lamba kaza daga zubin haruffa kaza, ka dasa ta a daidai wuri kaza. Zubin haruffa nake nufi da abin da muke ce wa font a wajen aiki. Da kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, an ware zubi 14 da ake sa ran kowace manhajar karantawa tana da su, don haka ba sai an cusa su cikin fayil ba: Helvetica, Times da Courier, kowanne kala huɗu, sai Symbol da ZapfDingbats. ReportLab, laburaren Python, wato kayan aikin da nake fitar da PDF da shi, Helvetica yake ɗauka in ba ka ce masa komai ba, da tsarin lambobi mai suna WinAnsi. Bayit ɗaya, wato ƙwayar ma'aunin ajiyar kwamfuta, ake ba kowane harafi, gurbi 256 ke nan iyaka, kuma harsunan Yammacin Turai aka raba wa su. Akwai é ta Faransanci, da ß ta Jamusanci, da ñ ta Sifaniyanci, har da alamar €. Babu ƙ, babu ₦.

Namu haruffan suna cikin Unicode, kundin da ke ba haruffan harsunan duniya kowanne lambarsa, sai dai a warwatse suke. Ƙananan ɓ da ɗ suna U+0253 da U+0257, cikin rukunin alamomin masana furuci. Manyansu, Ɓ da Ɗ, suna U+0181 da U+018A, a wani rukunin dabam mai suna Latin Extended-B, inda Ƙ da ƙ suke a U+0198 da U+0199, da Ƴ da ƴ a U+01B3 da U+01B4. Naira tana can U+20A6. Wannan rarrabuwar na nufin mai zana haruffa zai iya cike rukuni ɗaya ya bar ɗayan, ka samu babba ka rasa ƙarami. Na rubuta wannan a bango kusa da tebur don kada in manta.

Maganin shi ne in kawo zubin da ke da su in cusa shi cikin fayil ɗin kansa. Na ɗauko DejaVu Sans, na yi masa rajista da registerFont, na sake fitarwa. Ɗahiru ya fito da ƙugiyarsa. Na daɗe ina kallon allon. Tsorona shi ne nauyi, don fayil ɗin DejaVu ya haura kilobayit 700 kuma iyaye da yawa ta WhatsApp za su karɓi takardar. Ashe ReportLab haruffan da aka yi amfani da su kawai yake tsamowa. Na duba da pdffonts, mai lissafo zubin da ke cikin PDF, ya nuna AAAAAA+DejaVuSans. Manyan haruffa shidan nan da alamar tarawa su ne shaidar cewa yanki aka cusa, ba zubin gaba ɗaya ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Murnar Laraba ta yi wuri. Layin suna ya gyaru, amma cikin jadawalin maki, inda aka rubuta Alƙur'ani da Fiƙihu da Ɗabi'u, tabon na nan. Kanun takarda ma haka. Jadawali a ReportLab yana da nasa salon, kuma Helvetica yake komawa sai ka faɗa masa sunan zubi da bakinka. Kanun kuwa mai kauri ne, mai kauri kuma fayil ne na dabam da shi ma sai an yi masa rajista. Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan na daina yarda da idona. Na rubuta ɗan gwaji da fontTools: ya buɗe kowane zubi, ya karanta jadawalin da ke haɗa lambar Unicode da siffa, ya nemi haruffanmu takwas da ₦, in ko ɗaya ya ɓace ya tsayar da aikin ya faɗi wanne ne. A ranar ya yi mini amfani. Na ga wani zubi mai kyau a wani shafin intanet, na sauke fayil ɗin da shafin ke amfani da shi, gwajin ya ce babu ko ɗaya cikin takwas ɗin. Masu shafuka kan yanyanka zubi don ya yi saurin buɗewa, ni kuma yankin haruffan Turanci zalla na ɗauko. Wani kuma ReportLab ya ƙi karɓarsa sam, don zanensa irin na PostScript ne, shi kuwa TrueType yake ci.

Akwai kuma maganar izini. Ba kowane zubi da ke kan kwamfutarka ne aka halatta maka ka cusa cikin takarda ka raba ba. A cikin fayil ɗin ma akwai alama mai suna fsType da ke faɗin iyakar abin da aka yarje. Aikin makarantar Alƙur'ani ba na so a gina shi a kan abin da ba a ba mu ba. Na tsaya a kan masu lasisin OFL, wanda ya yarda a cusa a raba kyauta: Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL.

Na buga layi ɗaya da ukun a firintar makaranta, wadda tawadarta ta yi ƙasa. A girma 8 ƙugiyar ɗ ta Noto ta kusa narkewa cikin sandar harafin, sai ka kawo takardar kusa da ido. Andika, da yake don masu koyon karatu aka zana shi, ƙugiyarsa a buɗe take. Shi na ɗauka, na ɗaga girman zuwa 10, na rage faɗin gefen takarda don jadawalin ya shiga.

Talata, 11 ga Yuni

Yau ce rana mafi wuya zuwa yanzu, kuma PDF ba shi da laifi a ciki ko kaɗan.

Na karɓo cikakkiyar rajista daga Malamar da ke riƙe da ita. Shekaru ake tara ta a Excel, hannu daban-daban, kwamfuta daban-daban. Da na fitar da takardun aji ɗaya sai ga Æ˜asimu, ga ÆŠayyabu, ga SaddiÆ™a. Wannan na san shi. A UTF-8, tsarin da ake adana rubutun Unicode da shi, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. In wata manhaja ta karanta su a tsarin Windows-1252, sai ta ɗauki kowanne harafi ne mai zaman kansa: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Haka ɗ ke komawa É da dogon jan layi, naira ta koma â‚¦. Daɗin abin, ba a rasa komai ba. Ka mayar da rubutun bayit ta hanyar da ya lalace, ka sake karantawa a UTF-8, sai ya dawo. Babban Ɓ ne kawai ya ƙi, a kalmar Ɓangaren Hadda, don bayit ɗinsa na biyu 81 ne, kuma Windows-1252 ba shi da harafi a wannan gurbin. Shi da hannu na gyara.

Kashi na biyu ya fi ciwo: ?anjuma, Fa?imatu. Wani ya taɓa adana fayil ɗin a CSV, tsarin adana jadawali a rubutu zalla, irin na da, Excel ya maye duk harafin da bai shiga tsarinsa ba da alamar tambaya. Wannan ba ya dawowa, babu dabarar da za ta gaya maka ɗ ce ko ƙ. Sai wanda ya san yaron.

Kashi na uku sai da na yi tunani kafin in gane: Xahiru, Qasimu, Vangare. Kafin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa sun yi dabarar zana ɗ a gurbin x, ƙ a gurbin q, ɓ a gurbin v, tunda Hausa ba ta amfani da su. A kwamfutar da ke da wannan zubin komai lafiya lau. Ka kai fayil ɗin wata sai x da q su fito fili. Irinta ce ake gani a tsofaffin rubuce-rubuce a intanet, inda ƙasa take }asa, ɗaya take ]aya. Ba na ganin laifin waɗanda suka yi ta, da ita aka buga littattafai lokacin da babu wata hanya. Sai dai ba zan iya cewa kowace q ta koma ƙ ido rufe ba, don akwai iyayen da da gangan suke rubuta Abdulqadir, haka yake a takardar haihuwar ɗansu.

Na huɗu Malama ce ta gano shi. Ta ce, "Injiniya, 'Yankaba na rubuta, me ya sa ya fito Yankaba?" Excel yana ɗaukar waƙafin sama da ke farkon gurbi a matsayin umarni, sai ya haɗiye shi. Waƙafin ma kala uku na tarar a rajistar, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe da wanda Unicode ya tanada a matsayin harafi, U+02BC, shi ya sa neman Sa'adatu ba ya kawo duka masu sunan. Na mayar da su iri ɗaya. Akwai kuma yara 'yan gida ɗaya da iyayensu suka zo daga Maraɗi. A Nijar ƴ ake rubutawa inda mu muke rubuta 'y, kuma haka uban ya cike fom. Na bar masa yadda ya rubuta.

Mun zauna da Malama daga la'asar har kiran magariba, ina karanto suna tana faɗin na gaskiya, wasu ba ta ko duba littafi. Na sa mata allon rubutun Hausa ta Keyman, na nuna mata inda za ta zaɓi CSV UTF-8 in za ta adana.

Alhamis, 20 ga Yuni

An yi hutun Babbar Sallah, ban taɓa aikin ba sai yau. Abu ɗaya na gyara: jerin sunaye. Python lambar harafi yake bi, don haka Ɗahiru da Ƙasimu suna faɗawa can bayan Zainab. Na koma ICU, wani laburaren Unicode, wanda ke da tsarin jerin Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Yanzu jerin ya yi daidai da yadda malami ke kiran suna.

Litinin, 24 ga Yuni

Malam ya ce shaidar sauka ba za ta cika ba sai an rubuta sunan mai sauka da ajami a sama, boko a ƙasa. Ya rubuto mini sunayen da alƙalaminsa a farar takarda, da tawadar da yake rubutun allo.

Na shigar da su, na kawo zubin Larabci, na fitar. Haruffan sun fito kowanne a tsaye shi kaɗai, ba haɗi, kuma daga hagu zuwa dama. Dalilin shi ne harafin Larabci lamba ɗaya gare shi a Unicode amma siffarsa kan kai huɗu: ta farkon kalma, ta tsakiya, ta ƙarshe, da ta zaman kaɗaici. Wayarka tana zaɓar wadda ta dace kafin ta nuna maka. Manhajar karanta PDF ba ta yin wannan, abin da aka dasa shi take nunawa. Wanda ya ƙirƙiri fayil ɗin ne zai yi zaɓin tun farko.

Da farko na juya rubutun baya da gaba don in gyara alkibla, sai hizifi 60 ya zama 06. Na bar wannan nan take. Na koma hanyar da aka saba, arabic_reshaper da python-bidi: na farko ya musanya kowane harafi da wata tsohuwar lamba da Unicode ya ajiye wa kowace siffa, na biyu ya jera su daga dama. Basmala ta fito sumul. Na ɗauka an gama.

Malam ya duba ya girgiza kai. "Wannan ai rubutun Gabas ne." Mu da muka tashi a kan Warshu, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, kuma a ƙarshen kalma su da nun sukan zo ba ɗigo. Ga imala, ɗigon nan mai kauri a ƙarƙashin harafi da muke karanta e da shi. Unicode ya san da su. Imala tana U+065C. A 2016 aka ƙara fa da ƙaf da nun irin na Afirka a U+08BB zuwa U+08BD, a 2020 kuma aka ƙara wasu masu ɗigo uku da ajamin Hausa ke buƙata. To amma waɗannan sababbin ba su da tsofaffin lambobin siffa da arabic_reshaper ya dogara a kansu. Da na sa su, kalma ta riƙa tsinkewa a duk inda suka faɗo. Wannan hanyar Larabcin jarida aka yi wa ita, ba za ta kai mu ba.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na raba aikin biyu. Sakamako da rasidi suna nan a ReportLab. Shaidar sauka na mayar da ita fpdf2, wani laburaren fitar da PDF, don yana iya miƙa rubutu ga HarfBuzz, injin da Android da Chrome da Firefox ke amfani da shi wajen haɗa baƙi. Shi ba ya musanya lambobi. Dokokin da mai zanen ya rubuta a cikin zubin yake karantawa: wace siffa ce ta farko, wacce ta tsakiya, a ina wasali zai zauna, in shadda da fataha sun haɗu wa zai hau kan wa. Layi ɗaya ne, set_text_shaping, bayan ka girka uharfbuzz.

Zubin kuwa Alkalami na ɗauko, na SIL, wanda aka zana a kan rubutun Kano, mai kaurin nan da muka sani a Alƙur'anin hannu. Da shafin ya buɗe sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗa mai hannu ta Ɗahiru da hannunta a miƙe, imala a zaune daram a ƙarƙashin harafinta, layin ya kwanta kamar an ja shi da alƙalamin gamba. Ranar Litinin injin babbaƙu kawai ya iya. Yau ya iya farfaru.

Da yamma na kai wa Malam gida, tunda Alhamis ba makaranta. Ya ajiye tasa takardar kusa da tawa a kan buzu ya bi su harafi da harafi. Ya kama kuskure biyu, duka nawa ne wajen shigarwa, na sa ƙaf ɗin Gabas a maimakon namu. Sannan ya ce in ƙara tazara tsakanin layuka, don wasalin sama na layin ƙasa yana taɓa wutsiyar na sama. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na ce amin.

Talata, 2 ga Yuli

Kai fayil wajen masu buga takardu a bakin kasuwa shi ne gwajin da na fi jin tsoro, don kwamfutarsu ba ta da Andika balle Alkalami. Ya fito daidai, tunda komai na cikin fayil ɗin. Na gwada a wayoyi uku, har da wata tsohuwa ta maƙwabcina, nan ma lafiya.

Sai na gwada kwafo suna daga PDF ɗin in manna a wani wuri, don wata rana za a nemi takardar yaro ta hanyar rubuta sunansa. Wannan ya dogara da wani ɗan jadawali mai suna ToUnicode da ke mayar da siffa zuwa harafinta na asali. Na bi da pdftotext: na boko duk sun dawo da ƙugiyarsu. Na ajami wasu wasulan sun sauya wuri. A takarda ba a ganin komai, wajen nema ne kawai zai dame mu, don haka na sa lambar rajistar ɗalibi a ƙasan kowace shaida.

Sunan fayil ma ya so ya ba ni matsala. Dabarar da ake cire wa é alamarta ta koma e ba ta aiki a kan ɗ, don a Unicode ɗ harafi ne guda, ba d da ƙari ba. Lambar rajista na sa a sunan fayil, sunan yaro ya zauna a ciki inda yake da kariya.

Asabar, 6 ga Yuli

An buga sakamakon aji uku na farko, malamai sun sa hannu. Na tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi. Wani yaro ya fito yana bin sunansa da yatsa, ya nuna wa na kusa da shi, suka wuce.

Saura shaidar sauka. Sabuwar shekarar Musulunci za ta kama kafin ranar walima, don haka 1445 da na sa a gwaji sai ta koma 1446, kuma ina so manhajar ta riƙa tambaya maimakon ta lissafa da kanta, tunda ganin wata ake bi. Akwai sunaye huɗu masu alamar tambaya da Malama ba ta tabbatar ba, yaran sun daɗe ba su zo ba. Ta ce gobe za ta aika gidajensu. Malam kuma ya ƙara mini aiki: yana so a sa addu'ar saukar da aka saba a bayan takardar, layi tara, da cikakken wasali. Ya ce zai rubuto ta bayan sallar asuba, in biya in karɓa kafin in wuce wajen aiki.